Harafi Ɗaya da Ya Kuskure a Cikin Jini

Kafin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya koma Shika a 2005, a Tudun Wadar Zariya iyaye mata ke layi da yaran da hannuwansu da ƙafafunsu suka kumbura, idanu sun yi rawaya, ana ta kukan ciwon ƙashi. Likita ya ce sikila, tsofaffi su ce amosanin jini, wasu kuma su ɗora wa mayu. Alhali tushen abin na cikin ƙwayoyin gado.

Ƙwayar jikin mutum tana ɗauke da kuromosom 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. Kamar littafi ne da ake ta kwafa da hannu: wani lokaci harafi ɗaya ke canzawa, ko ya faɗi, ko a ƙara wani, wani lokaci kuma babi sukutum ke ɓacewa ko ya maimaitu.

Sikila daga canjin harafi ɗaya tak take, a kan kuromosom na 11. Wannan kaɗai ya isa ya lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini su koma siffar lauje, su riƙa toshe ƙananan jijiyoyi, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Abin mamaki, wanda ya gaji harafin daga ɓangare ɗaya, wato mai AS, lafiyarsa lau, har ma yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ya sa canjin ya yaɗu a ƙasashenmu na sauro. Binciken da Farfesa Alan Fleming na Zariya da abokan aikinsa suka wallafa a 1979 kan ƙauyukan Garki, a Jigawa ta yau, ya nuna wajen biyu cikin ɗari na jarirai SS ne, wato sun gaji harafin daga uwa da uba, amma da ƙyar ake samun mai SS cikin manya. Yaran mutuwa suke yi tun suna ƙanana.

Kuskuren kuromosom sukutum kuwa ya fi fitowa fili. Yaron da ya zo da kuromosom na 21 guda uku maimakon biyu shi ke da lalurar Down: jinkirin tafiya, magana da koyo, sau da yawa har da ciwon zuciya. Galibi ba gadonta ake yi ba, kuma yiwuwarta na ƙaruwa da shekarun uwa. Zargin uwar da sakaci ko shafar aljanu zalunci ne kawai. Idan kuma kuromosom na 9 da na 22 suka yi musayar gutsure, wani nau'in sankarar jini ke biyo baya.

A sikila ne dai mutum ke da abin yi. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, ko da 'ya'yan fari sun kuɓuta. Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure a 2024. Iyaye a Zariya su ma su tabbata an yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.