Gonakin Inabi na Bakin Teku a Afirka ta Kudu

A wannan wata za mu kai masu karatu can ƙarshen Afirka ta wajen kudu, inda ƙasa ta ƙare sai teku. A nan birnin Cape Town yake, kewaye da duwatsu da kwaruruka cike da gonakin inabi. Mun saba jin labarin gonar inabi a cikin Littafi Mai Tsarki, amma yawancinmu ba mu taɓa ganinta da ido ba. To, ga ƙasar da dubban iyalai suke ci suke sha daga kuringar inabi.

Inabi yana son wurin saboda yanayinsa. Ruwan sama yakan sauka a lokacin sanyi, daga Mayu zuwa Agusta. Lokacin zafi kuwa ƙasa a bushe take, iska mai sanyi tana busowa daga teku, ta hana 'ya'yan ruɓewa, su nuna a hankali. Ana girbi daga Janairu zuwa Afrilu.

Turawan Holan ne suka kawo itacen. Shugabansu Jan van Riebeeck ya sauka a 1652, a 1659 kuma aka matse ruwan inabi na fari. A 1679 Gwamna Simon van der Stel ya kafa garin Stellenbosch, wajen mil 30 gabas da Cape Town. A 1688 sai ga waɗansu baƙi daga Faransa, Kirista ne da ake kira Huguenot, waɗanda suka gudo domin sarkinsu ya hana su yin sujada yadda suka gaskata. Aka ba su gonaki a kwarin da yanzu ake kira Franschhoek, wato Kusurwar Faransawa. Har yau akwai abin tunawa da su a garin, siffar mace riƙe da Littafi Mai Tsarki a hannu ɗaya, tsinkakkiyar sarƙa a ɗaya hannun.

Baƙon da ya je yau ba zai rasa abin kallo ba. A Stellenbosch akwai tsofaffin gidaje farare masu rufin ciyawa, da tituna masu inuwar manyan itatuwa. A 1971 manoman garin suka haɗa kai suka buɗe gonakinsu ga masu yawon buɗe ido, sauran garuruwa suka yi koyi da su. Yanzu gonaki da yawa suna da ɗakin cin abinci da masauki da filin wasan yara. A Cape Town akwai babban dutsen nan mai shimfiɗaɗɗen kai kamar tebur, tsawonsa ya fi ƙafa 3,500, ana hawansa cikin keken da igiyar ƙarfe take ja. A bakin teku kusa da Simon's Town yara sukan sha dariya da ganin tsuntsayen ruwa waɗanda ba sa tashi, suna tafiya a tsaye kamar dattawa. Akwai kuma jirgin ruwa zuwa tsibirin Robben, inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 a kurkuku.

Kuɗin da baƙi suke kashewa ba a aljihun mai gona kaɗai yake tsayawa ba. Direba yana samu, haka mai dafa abinci, da mai wanki, da mai sayar da kayan hannu a bakin hanya. Ana aika ruwan inabi mai yawa zuwa Turai, Ingila da Jamus suna cikin manyan masu saye. Ba dukan inabi ake matsewa ba. Ana cika jirage da ɗanyensa domin ci, waɗansu kuma a shanya su zama zabibi.

Amma akwai abin da baƙo ba ya gani daga tagar mota. Bayi ne suka fara nome waɗannan gonaki, an kawo su daga Madagaska da Mozambik da Indiya da Indonesiya, ba su sami 'yancinsu sosai ba sai 1838. Bayan haka wata muguwar al'ada ta zauna daram: mai gona yakan biya wani kashi na ladan ma'aikaci da giya, a ɗebo masa safe da rana da yamma. Mutum ya yi wuni yana aiki, ya koma gida a buge, hannu wofi. Doka ta hana wannan tun wajen 1960, duk da haka waɗansu gonaki suka ci gaba da yi har shekarun 1990. Ɓarnar ba ta ƙare ba tukuna. Mace mai ciki in tana shan giya, yaron yakan zo da rauni a ƙwaƙwalwa, ba ya girma yadda ya kamata, karatu ya yi masa wuya muddin ransa. Likitoci sun tarar wannan ciwo ya yi yawa a garuruwan gonakin nan fiye da kusan ko'ina a duniya.

A 2012 ma'aikatan gonaki suka yi yajin aiki, wanda ya fara daga garin De Doorns. Ladan yini a lokacin rand 69 ne, a 2013 gwamnati ta ɗaga shi zuwa 105. Da yawa cikinsu aikin girbi kaɗai suke samu, in ya wuce sai zaman jira. Fari mai tsanani na 2015 zuwa 2018 ya rage amfanin gona, a 2020 kuma annobar korona ta hana baƙi zuwa, gwamnati ta dakatar da sayar da giya na wani lokaci. Kowane karo talaka ne ya fara ji a jikinsa.

Ana samun gyara. Waɗansu masu gonaki sun ba ma'aikata rabo a cikin gonar, sun gina makarantun yara da ɗakunan shan magani. Ikkilisiyoyi da ƙungiyoyi suna gargaɗin mata masu ciki su bar giya sam.

Mu ma da muke ɗaukar 'yan ƙwadago a gonakinmu da damina, labarin nan ya shafe mu. Wanda ya yi mana noma, mu biya shi hakkinsa da kuɗi ko hatsi, a kan lokaci, ba da tulun burkutu ba. Matarsa da 'ya'yansa suna jiransa a gida.