Mimuna: daren da Yahudawan Maroko ke barin ƙofa a buɗe

Kowace shekara, a watan Maris ko Afrilu, Yahudawan Maroko kan yi kwana 8 ba su ɗanɗana gurasa mai yisti ba. Idin Pesah ke nan, na tunawa da ranar da Annabi Musa ya fid da Bani Isra'ila daga Masar. Ko ƙwayar gari ba a bari a ɗaka.

To, da faɗuwar rana ta ƙarshe, wa zai kawo gari? Maƙwabta Musulmi. A da, a tsoffin unguwannin Yahudawa na Fas da Marrakesh, su ne ke shigowa da garin alkama, man shanu, zuma, madara da na'ana'a. Nan take mata su toya mufleta, wata waina mai faɗi da ake shafa wa zuma. Ƙofa a buɗe take kwana, baƙo ba ya jiran gayyata. Gaisuwar daren kuwa fatan riba ce da sa'a. Mutumin Dantchiao ko Magariya da ya saba aika wa maƙwabci tuwon salla ba ya bukatar tafinta a nan.

Sai dai gidajen sun watse. Wajen 1948 Yahudawan Maroko sun kai kimanin 250.000, yau ƴan dubbai kaɗan suka rage, galibi a Kasablanka. Saura na Isra'ila, Faransa da Kanada, inda ake toya mufleta da garin kanti. A 2007 wasu ɗalibai Musulmi na jami'ar Al Akhawayn ta Ifran suka kafa ƙungiya don adana wannan tarihi, suka raɗa mata suna Mimuna.