Yadda ake kula da karnuka da kuliyoyi a gida ɗaya

Ba dole ba ne kare da kyanwa su yi zaman doya da manja. Wani lokaci faɗansu kan abinci yake tashi, shi ya sa ake raba musu kwano, a ɗora na kuliyoyi inda kare ba zai kai ba.

Babban haɗarin shi ne ciwon haukan kare, wanda kan kama kyanwa ma, don haka kowace dabba na buƙatar rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, Jihar Filato, tana sarrafa allurar.

Idan aka samu cizo ko yakushi, a wanke wurin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti, domin da zarar alamomin cutar sun bayyana, da wuya a tsira.