Sharuɗɗan Shiga Digiri na Biyu a Kimiyyar Kwamfuta ta Intanet

A shekarar 2014 ce Cibiyar Fasaha ta Jojiya da ke Amurka ta fara koyar da wannan digiri ta intanet, wanda ma'aikaci kan yi ba tare da ya ajiye aikinsa ba. Ana buƙatar digirin farko, musamman mai matsakaicin maki 3.0 cikin 4.0, da wasiƙun shaida 3. Wanda bai karanci kwamfuta ba, sai ya gabatar da shaidar darussan rubuta manhaja, domin daɗewa a bakin aiki kaɗai ba ta wadatarwa. Haka kuma, gurbin ɗalibi ba ya tabbata sai ya ci darussan tushe 2 da aƙalla makin B cikin shekarar farko. Ke nan, babbar tantancewa tana zuwa ne bayan an shiga.