Faifan Yusuf Latif da Sirrin Iskar da Ke Cikin Bututu

A ranar 5 ga watan Satumba na shekarar 1961, waɗansu makaɗa su huɗu suka shiga ɗakin ɗaukar sauti na wani injiniya mai suna Rudy Van Gelder a jihar Niyu Jasi ta ƙasar Amurka. Kafin su watse a wannan rana sun ɗauki kiɗe-kiɗe guda tara, waɗanda aka haɗa cikin faifai ɗaya aka raɗa masa suna Eastern Sounds, wato sautukan gabas. Shugaban tawagar shi ne Yusef Lateef, wanda a bakin Bahaushe zai zama Yusuf Latif, gwani ne wajen busa babban saksafon da ake kira teno. Shekara ashirin bayan haka, a 1981, wannan bawan Allah ya tattara nasa ya nasa ya zo Zariya, ya zama babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya zauna har 1985. Cikin abubuwan da ya duƙufa a kai akwai sarewar Fulani.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kawo zancen faifai a mujallar kimiyya? Dalili shi ne, duk wanda ya saurari wannan faifai da kunnen basira zai ji hanyoyi uku daban-daban na sa iska ta yi kuka, kuma dukkan ukun akwai su a ƙasar Hausa. Ɗalibin da ke zaune a Falgore ta ƙasar Rogo, ko a Karaye, yana wucewa ta gefensu kullum, alhali a aji yana haddace darasin sauti kamar wani baƙon abu da aka yi wa ƙasashen Turai kaɗai.

An haifi Latif a garin Chattanooga a 1920, ya tashi a birnin Ditroit, ya karɓi Musulunci a wajajen 1950, ya kuma rasu a watan Disamba na 2013. Ya yi aiki da manyan makaɗa irin su Dizzy Gillespie da Charles Mingus da Cannonball Adderley, sannan ya sami digirin dakta a fannin ilimi a 1975. Salon da ya yi fice a kai shi ne wanda baƙar fatar Amurka suka ƙirƙiro a tsakiyar shekarun 1950, ake kiransa hard bop. Reshe ne na kiɗan jaz mai kaifi da nauyin ganga, wanda ya sha daga waƙoƙin baƙin ciki na bulus da kuma waƙoƙin majami'un baƙaƙe. Faifan Sonny Rollins mai suna Saxophone Colossus na 1956 da na John Coltrane mai suna Blue Train na 1957 duk 'yan wannan gida ne. Shi kansa Latif bai son kalmar jaz, yana ganin ta raina sana'ar, amma wannan wani zance ne daban. Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne ƙishirwar sanin kayan busa na sauran al'ummu. Abokan aikinsa a faifan su ne Barry Harris a kan fiyano, Lex Humphries a kan ganguna, sai Ernie Farrow mai kaɗa babban garaya irin ta Turawa, wanda kuma ya kaɗa rababa a wasu wurare.

Kafin mu shiga faifan, ya kamata mu tuna mene ne sauti. Idan abu ya yi karkarwa, yakan matsa iskar da ke kusa da shi ya sake ta, ya matsa ya sake, sai wannan matsi ya yi ta tafiya har ya iso dodon kunne. Ana auna yawan karkarwa a cikin daƙiƙa ɗaya da ma'aunin da ake kira haz. Kunnen yaro mai lafiya yana jin daga haz 20 zuwa kusan 20,000. In karkarwa ta yi yawa murya ta yi siriri, in ta yi kaɗan murya ta yi kauri. Shi kuwa sauti yana gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska ya kai digiri 20 a ma'aunin Salshiyos.

Hanya ta farko ita ce ta harshe ɗaya, kuma ita ce ta saksafon. Wani maƙeri ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Sax, shi ya ƙirƙiro wannan abin busa, ya yi masa rajista a birnin Faris a 1846. Jikinsa na tagulla ne, amma tagullar ba ita ke yin kuka ba. A bakinsa akwai wani ɗan siririn harshe da aka fere daga irin kyauro, an ɗaure shi a kan wata 'yar kafa. In mai busa ya hura, harshen ya lanƙwasa ya kusa toshe kafar, sai ya koma, ya sake toshewa, sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Abin mamaki a nan shi ne, harshen ba shi ke zaɓen saurin da zai yi karkarwa da shi ba. Iskar da ke cikin bututun ce ke ba shi umarni. Matsin iska yakan tafi har ƙarshen bututu ya dawo, kuma lokacin da wannan zuwa da dawowa ke ɗauka shi ke tsara bugun harshen. Da mai busa ya ɗaga yatsa ya buɗe rami, ya gajarta tafiyar ke nan, sai murya ta hau. Mafi kaurin muryar teno tana wajen haz 104. In muka raba 343 da ninki biyu na wannan adadi, za mu sami tsawon da ya ɗan haura mita ɗaya da rabi. Shi ya sa aka lanƙwasa jikin teno kamar ƙugiya, don da an bar shi a miƙe da ya kusa kai tsawon mai busa shi. A kiɗan Snafu da Purple Flower za a ji wannan murya mai kauri, ta farko da zafi, ta biyu a natse.

To, bayan girbin dawa, yaran karkara sukan sami kara su huda cikinsa, su tsaga ɗan harshe a jikin bawon kusa da ƙarshe ɗaya, su sa baki su yi ta busa. Wannan abin wasa da saksafon ƙa'idarsu ɗaya ce tak. Sai dai akwai bambanci guda mai muhimmanci, kuma a nan ne darasin ya fi daɗi. Faɗin cikin kara ɗaya ne daga farko har ƙarshe, shi kuwa saksafon yana farawa a tsuke ya riƙa buɗewa kamar mazurari.

Don a gane amfanin wannan, sai mu san cewa babu wani abin busa da ke fitar da karkarwa iri ɗaya kaɗai. Kowace murya tana tafe da 'yan rakiya. In uwar murya tana haz 100, tare da ita akwai ƙananan muryoyi a 200, 300, 400 da sauransu, waɗanda kunne ke haɗawa ya ji su kamar abu ɗaya. Yawan ƙarfin kowane ɗan rakiya shi ke sa mu bambance algaita da sarewa ko da suna busa murya ɗaya, kamar yadda ake gane muryar mutum a bayan danga. Masanin lissafi na Faransa Joseph Fourier ya kafa tushen wannan lissafi a 1822, Bajamushe Hermann von Helmholtz kuma ya bayyana yadda ya shafi kunne a littafinsa na 1863. Bututu mai faɗi ɗaya wanda harshe ya toshe bakinsa yana ƙarfafa 'yan rakiya na mara ne, wato ninki 3 da 5 da 7, shi ya sa muryarsa ke fita kamar daga cikin rami. Uwar muryarsa kuma ana samunta ne in an raba gudun sauti da ninki huɗu na tsawonsa, don haka kara mai rabin mita zai ba da wajen haz 170. Bututu mai siffar mazurari kuwa yana fitar da dukkan 'yan rakiyar, na cika da na mara, sai murya ta fito a cike.

Hanya ta biyu ita ce ta harshe biyu. A kiɗan Blues for the Orient da kuma wanda ya aro daga fim ɗin Spartacus, Latif ya ajiye saksafon ya ɗauki obo, abin busa da ba kasafai ake jinsa a jaz ba. Bakin obo harsuna biyu ne sirara da aka haɗa fuska da fuska, suna buɗewa suna rufewa kamar leɓɓa. Duk Bahaushen da ya ji wannan kiɗa zai ce ai ga 'yar'uwar algaita, kuma bai yi kuskure ba. Algaita ma harshe biyu gare ta, cikinta kuma yana buɗewa zuwa ƙasa, sunanta ma daga Larabcin Magrib ya zo, inda ake kiran irinta gaiɗa. Ƙarfin 'yan rakiyarta na sama shi ke ba ta kaifin da ke ratsa hayaniyar dawaki da ganguna a ranar hawan salla, domin kunnen ɗan Adam ya fi saurin kama sautin da ke tsakanin haz 2,000 zuwa 5,000.

Akwai wata dabara ta masu algaita da ta cancanci a tsaya a kanta. Kowa ya ga yadda kumatunsu ke kumbura, kuma busar ba ta yankewa ko da an daɗe. Abin da suke yi shi ne su tara iska a baki, su riƙa matsa ta da naman kumatu zuwa cikin algaitar, a daidai lokacin kuma su shaƙi sabuwa ta hanci. Baki ya zama rumbun ajiya ke nan, kamar yadda zugazugin maƙeri biyu ke karɓa-karɓa don kada wuta ta huce. Masu busa saksafon da dama sun sha wahala kafin su koyi wannan, alhali a fadojin sarakunanmu abu ne da yaro ke gada a gidan ubansa.

Hanya ta uku babu harshe ko kaɗan. Kiɗan farko a faifan, The Plum Blossom, an busa shi ne da wani ɗan tulun yumɓu na ƙasar Sin mai kama da ƙwai, wanda muryoyinsa ba su wuce biyar ba. A nan ana hura iska ne ta daki gefen kafa, sai ta riƙa kaɗawa ciki da waje. Iskar da ke cikin tulun tana matsewa tana buɗewa kamar sifirin, ita kuma wadda ke wuyansa tana kai da komowa. Wannan shi ne abin da ke faruwa in an busa bakin kwalba. Malami zai iya gwada wannan a aji ba tare da kashe ko kwabo ba: a busa kwalba babu komai, sannan a zuba ruwa har iskar da ta rage ta zama kashi ɗaya cikin huɗu na ta farko. Karkarwa za ta ninka sau biyu, domin tana bin tushen murabba'i ne na girman iskar. A irin wannan tulu faɗin ramukan yatsu ya fi muhimmanci a kan wurin da aka huda su.

Sarewa ma ta wannan gida ce wajen yadda ake tayar da sauti, amma jikinta bututu ne buɗaɗɗe gaba da baya, don haka ana raba gudun sauti da ninki biyu na tsawonta. Sarewa mai rabin mita za ta ba da wajen haz 340, wato ninki biyu na abin da karan harshe mai irin wannan tsawo zai bayar. Har yanayi ma yana sa baki. Gudun sauti yana ƙaruwa da kimanin mita 0.6 a daƙiƙa a kan kowane digiri ɗaya, don haka da sanyin safiyar hunturu a digiri 15 yana wajen 340, a tsakar ranar bazara a digiri 40 kuwa ya kai 355. Sarewar makiyayi takan ɗan hau da rana, ko da yake ɗumin numfashinsa yana rage tazarar.

Wani abin lura a faifan shi ne yadda Latif ke jan murya ta zame tsakanin matakai. An raba fiyano zuwa matakai 12 a kowane ninki, kowane mataki ya ɗara na ƙasansa da kusan kashi 6 cikin ɗari, kuma Barry Harris ba shi da ikon taɓa abin da ke tsakani. Mai harshe kuwa da ya sassauta leɓe ko ya matse, murya ta sauka ko ta hau kaɗan. Mai goge ma haka yake yi da yatsa a kan tsirkiya. Masani Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 kan Afirka da kiɗan bulus, ya kawo hujjoji cewa da yawa daga siffofin bulus sun fi kama da kiɗan yankinmu na Sudan ta tsakiya, ƙasar goge da algaita, fiye da na bakin teku. Masana suna ta muhawara a kan haka, amma ra'ayi ne da ya kamata ɗalibanmu su sani.

Zaman Latif a Zariya ya bar abin nunawa. A 1983 ya ɗauki wani faifai a Legas tare da makaɗan Nijeriya, wanda ya fito a 1985 da sunan In Nigeria. A 1987 kuma aka buga littafin da suka rubuta shi da Ziky Kofoworola kan wasanni da kiɗan Hausa. A ganinmu aikin da ya rage na masu kimiyya ne, kuma bai fi ƙarfin makarantar sakandare ba. Ƙasar Rogo da Karaye ƙasar noman dawa ce da kiwo, kara ba ya wuya, masu sarewa suna nan a rugage, masu algaita suna bin hakimai. A yau akwai manhajoji na kyauta a wayar hannu da ke nuna yawan karkarwar sauti da 'yan rakiyarsa. Ɗalibai za su iya yanka kara biyar masu tsawo daban-daban, su auna kowanne da rula, su busa su rubuta adadin da waya ta nuna, sannan su zana jadawalin karkarwa a kan tsawo. Za su tarar adadin da suka samu ya ɗan gaza wanda lissafi ya bayar, domin iskar da ke karkarwa takan ɗan leƙo wajen bakin bututu, da kimanin kashi uku cikin goma na faɗinsa a kowane buɗaɗɗen baki. Wannan shi ne gyaran ƙarshen bututu da ake tambaya a jarrabawar fiziks ta kammala sakandare.