Kogin Isa a Yamai: Gargaɗi ga Ƴan Cin Rani

Mu mutanen Cake, da na Mayahi da Tasawa, ba mu saba da babban ruwa ba. Gulbin Kaba da muka sani kwari ne na goruba. Sai damina ta yi kyau ake ganin ruwa a cikinsa. Amma bayan girbi samarinmu suna tafiya cin rani Yamai. Wasunsu suna samun aiki a lambuna da gonakin shinkafa na bakin kogi, kuma dole su shiga kwale-kwale.

Zabarmawa suna kiran wannan kogi Isa. Hausawa suna ce masa Kwara. Daga ƙasar Gine ya taso. Ya ratsa Mali, ya bi ta Ayoru da Tilaberi da Yamai da Sayi, ya fita ta Gaya. A cikin Nijar ya yi tafiyar kilomita wajen 550.

Wanda ya tuƙo jirgi daga Gudel zai ga ma'aikatar da ke tace ruwan shan birni. Gaba kaɗan sai gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. Ita ce ke kai mutum Harobanda, inda jami'a take. Ruwa yana juyawa da ƙarfi a gindin ginshiƙan gada, don haka masu jirgi ba su matsawa kusa da su. Daga nan sai majemar Gamkale da mahauta, sannan gonakin shinkafa na Saga.

A nan ne muke son a kula sosai. Dattin majema, da na mahauta, da na magudanun birni, duk kogi suke gangarawa. Kada a sha wannan ruwa, ko da ido ya ga ya kwanta. Inda kuma ruwa ya tsaya cikin ciyawa akwai ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da tsargiya. Ta fata cutar take shiga. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi likita, akwai magani.

Kogin yana cika sau biyu. Jan ruwa yana zuwa a Agusta da Satumba. Shi ne ya fasa shinge a 2020, ya ci gidaje da gonaki masu yawa. Na biyu yana isowa daga Gine da sanyi, wajen Janairu, daidai lokacin da ƴaƴanmu suke can. Baƙo yakan zaci rani ya yi, ruwa ya ja baya, alhali yana kan cikarsa.

Sai dorina. Ana ganinta a wajen Bubon da Ayoru, wani lokaci har cikin Yamai. Mai ɗa ta fi haɗari, tana kifar da jirgi. Sarkawa masunta sun san makwancinta, a tambaye su kafin a sa filafili a ruwa.

A shiga jirgi a mashigar da jama'a suka saba. Kada a cika shi da buhuna har ruwa ya kusa bakinsa. In an tashi, kowa ya zauna wuri ɗaya. In magariba ta yi, a bari sai da safe.