Ƙarar Faifai da Kiɗan Jaz: Inda Masu Koyon Haɗa Sauti Suke Tuntuɓe

Tun da manhajojin sauraron waƙa suka fara daidaita ƙarar duk abin da aka ɗora musu zuwa mataki guda, wanda a Spotify yake -14 a ma'aunin LUFS, wato ma'aunin ƙara gwargwadon yadda kunnen mutum yake jin ta, masu koyon haɗa sauti suke ta gardama a kan ko akwai sauran riba a cika faifai da ƙara. A kiɗan jaz ribar ba ta taɓa yawa ba, amma masu koyo da dama sun taso da imanin cewa faifan da ya fi amo shi ya fi kyau.

Da kwamfuresa ake yin wannan ɓarna, wato na'ura ko manhaja mai danne sauti idan ya haura iyakar da aka yanka masa: idan an saita ta a 4:1, sautin da ya wuce iyaka da disibel 8 zai fito da 2 kacal, daga nan sai a ɗaga komai baki ɗaya. Jaz kuwa rayuwarsa tana cikin tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa, inda mai ganga yake shafa fata da burushi har da ƙyar ake ji, can kuma mai saksofon ya ɓarke. Idan aka danne wannan tazara, an yi aikin mai hoton da ya sa dogo ya durƙusa, gajere ya hau turmi, don kawuna su zo daidai. Ko mai karanta wasiƙa da yake karanta gaisuwa da ta'aziyya da murya ɗaya. Bayan duk wannan wahala, manhajar sauraron waƙa za ta rage ƙarar faifan zuwa matakin sauran, sai ya rasa amon kuma ya rasa numfashin.

Faifan Kind of Blue na Miles Davis, wanda aka ɗauka a 1959 a wani tsohon coci a New York, makaɗansa suna ɗaki ɗaya ne, sautin kowa yana kutsawa makirufon ɗan'uwansa, kuma su da kansu suke sassauta wa juna. Jaz na zamani, irin Black Radio na Robert Glasper na 2012, ya aro nauyin ganga daga hip-hop, don haka kwamfuresa tana da gurbi a kan ganga da bas, amma da awo.

Masu tallar shiryayyun saituna a intanet ba kasafai suke faɗa wa ɗalibi cewa kunne yana ɗaukar abin da ya ɗan fi ƙara a matsayin mafi daɗi ba. Shi ya sa ƙwararru, kafin su kwatanta sautin da aka danne da na asali, sukan fara daidaita ƙararsu tukuna, sannan su saurara.